Muryar da Na Ara wa Ginshiƙi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

An nuna hirar jiya da yamma. Ban kalla ba. Na ce wa maiɗakina kaina ke ciwo, na shiga ɗaki na kwanta, amma ta bango ina jin muryata tana fitowa daga talabijin ɗin falo. Na ji inda na yi dariya. Tun ranar da aka ɗauka nake fatan su yanke wajen. Ba su yanke ba.

Da aka gama ta leƙo ta ce, "Rigar ta yi maka kyau." Iyakar abin da ta ce ke nan. Shekara ashirin da uku muna tare, na san abin da take nufi idan riga kawai ta yaba.

Wannan littafin na rubuta sunayen ɗalibai ne a makarantar koyon tuƙi inda nake aiki. Na juya shi ta baya na fara. Ban san wa nake gaya wa ba.

Litinin, ƙarfe 1:15 na rana

Tun daga bakin titi ake ɗaga mini hannu. Mai faci, mai gadin banki, matar da ke sayar da katin waya. "Ginshiƙi, mun gan ka jiya!"

Shekara ashirin ke nan cif da muka sa wa fim ɗin harshenmu. Fim ne na ƙasar waje, labarin wani birkila da gini ya rufta wa, ya tashi da ƙarfin ɗaukar duk abin da aka ɗora masa, bene ko jirgin ƙasa, sai dai yana jin ciwon nauyin kamar kowa. An ce a can inda aka yi shi bai yi kasuwa ba. A wajenmu ya samu gida. Ni na yi muryarsa, ina ɗan shekara ashirin da takwas, a wani studiyo mai katifu a jikin bango. Tun daga lokacin sunana ya ɓace, kowa Ginshiƙi, sunan birkilan a fim ɗin.

Akwai wajen da gada ta karye, ya shiga ƙarƙashi ya tallafe ta da kafaɗa, motoci cike da mutane sun tsaya cak don tsoro. Sai ya ce, "Ku wuce, ina riƙe." Maganar nan ta fi fim ɗin tsawon rai. Makaniki na faɗa idan ya danne jak. Uwa na faɗa idan ta tare wa yara ƙofar bas. Tana rubuce a bayan manyan motoci. Yaran da ba a haifa ba lokacin suna faɗa, ba su ma san daga ina ta fito ba.

Ɗalibina na safe, wani dattijo mai kemis da ya sayi mota bayan ya tsufa, ya saki kuloci mota ta mutu saboda dariya. Ya ce, "Amma kai mugu ne, abin da ka ce a kan yayarka!" Ya maimaita. Kalma biyu ce duka duka. Na ce masa ya duba madubi.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7:00 na yamma

Yaya ba ta kira ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Kowace Laraba nakan biya in kai Yaya cefane, tunda idonta ya fara rauni ta ajiye tuƙi. Yau na iso kan layinsu, na kunna sigina, na kashe, na miƙe. Na tura saƙo cewa ɗalibi ya ɓata mini lokaci. Babu amsa. Da ma ba ta iya karanta ƙananan haruffan waya sai 'yarta na nan, na san haka kafin in tura.

Ita ta ce kar in sa sunanta. Wannan gaskiya ne. Ita da bakinta ta faɗa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Mai studiyo ya kira, yana ta murna kamar an yi masa haihuwa. Kamfanin da ke da fim ɗin za su dawo da shi sinima ranar Asabar, 22 ga wata, an wanke hoton an gyara sauti. Za a ba ni lambar yabo a gaban jama'a. Sannan akwai wani yanki na minti shida da aka yanke tun farko, yanzu sun mayar da shi, babu fassara.

Ya ce, "Kai ka yi na farko, kai za ka yi wannan. Ka kawo takarda ranar Alhamis mai zuwa mu ɗauka. Hannun nan naka na da nake so, ka ji ko?"

Na ce, "Ba damuwa, Oga."

Bai taɓa sani ba. Wancan lokacin kullum da safe nake kawo masa shafuka da rubutun hannuna. Hannuna ne kam. Kwafa nake yi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Na kalli minti shidan sau goma sha ɗaya a cikin mota, na rufe gilashi. Ginshiƙi ne zaune a gefen gadon wani tsoho a asibiti. Ba faɗa, ba gini na rushewa, magana kawai, a hankali. Na tsinci "uba", na tsinci "gobe", na tsinci "ruwa". Turancina na alamomin titi ne.

Na gwada abin fassarar waya. Ya ba ni: "Ɗana jirgi ne wanda baya cin alƙawarin kujera." Na yi dariya ni kaɗai, sannan na kashe wayar.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 3:10 na rana

'Yar Yaya ta zo har wajen aiki, da kayan asibiti a jikinta, daga aikin safe ta taso. Nas ce. Ni na koya mata tuƙi, ni na riƙe ta ranar suna. Ba ta zauna ba. Ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, "Kawu, minti biyar."

Muka tsaya bayan ofis, wajen tsofaffin tayoyin da muke jerawa don koyon ribas.

Ta ce, "Ka san mutum nawa ne a falonmu ranar Lahadi?"

Na ce ban sani ba.

"Tara. Mama ta gayyaci maƙwabta, da biyu cikin malaman da suka yi aiki tare. Ta sa na aro kujeru. Ta ce a zo a ga Autanta a talabijin."

Na kalli tayoyin.

"Mai shirin ya ce, an ce yayarka malamar Turanci ce, ko ta taimaka maka? Kawu, me ka ce?"

Ta amsa da kanta.

"Ka ce, ta taimaka ƙwarai. Ka dakata. Ka ce, da shayi."

Ta ce falon ya kwashe da dariya, kowa ya juyo yana kallon Yaya, Yaya ma ta yi dariyar. Da aka gama shirin ta tashi ta shiga kicin ta dafa musu. Ta zuba wa kowa da hannunta.

Na ce, "Ita ta ce kar in sa sunanta."

Ta ce, "Ina shekara tara lokacin, Kawu, ba jaririya ba ce. Ina ganinta da asuba bayan ta gama juya Baba a gadon jinya ta wanke shi, ta zauna gaban bidiyo tana tsayarwa tana mayarwa baya har maɓallin ya lotsa. Littattafan suna nan, guda bakwai, a akwatinta. Ni ban zo in yi maka rashin kunya ba. Na zo in ga fuskarka ne kawai."

Ta gani. Ta tafi.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Ita ta ce.

Lahadi, ƙarfe 5:00 na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, ko sau ɗaya.

Ba ni da aiki a shekarar. Na yi wa mai studiyo ƙaryar na iya Turanci don ya ɗauke ni, saboda ya ce yana son mai murya da zai yi fassara da kansa. Na kwashi kaset na kai wa Yaya ina kusan kuka. Mijinta na kwance wata na takwas, ɓarin jikinsa ya shanye. Tana koyarwa a makarantar 'yan mata, shugabar kuma ba ta ɗaukar wasa, da ta ji malamarta na harkar fim da ta sallame ta. Yaya ta ce, "Kawo. Amma kar in ji sunana ko'ina."

A wajen gadar, abin da mutumin ya faɗa da harshensu shi ne babu abin da zai iya karya shi. Haka Yaya ta gaya mini. Ta ajiye biro ta ce, "Ƙarya ne. Wanda gada ke kansa ba ya cika baki, ba shi da numfashin." Ta kalli ƙofar ɗakin mijinta. Sannan ta rubuta abin da ta rubuta.

Shugabar makarantar ta rasu da daɗewa. Yaya ta yi ritaya shekara shida da suka wuce. Ban taɓa komawa na tambaye ta ko har yanzu tana nan kan bakanta ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 12:45 na rana

Wata malamar jami'a ta zo, kowa Dakta yake ce mata. Littafi take rubutawa a kan fim ɗin da masu kallonsa. Ta nuna mini hotuna sama da ɗari biyu na motoci da shaguna da ke ɗauke da maganar gadar. Ta ce ta je ƙauyukan da ba su da wuta, inda aka kalle shi da janareto a jikin farin zane, ta tarar da tsofaffin da suka rantse Ginshiƙi ɗan garin gaba ne. Wata unguwarzoma ta gaya mata abin da take faɗa wa mai naƙuda ke nan idan ta kama hannunta. Wani ma'aikacin kashe gobara ya ce fim ɗin ne ya sa shi aikin.

Ta ce, "A ƙasashe da yawa an fassara shi, babu inda ya kama sai nan. Na gwada fassarorin. Bambancin kalmominka ne. Me ya sa ka ce riƙe, ba ka ce ɗauke ba?"

Na yi gyaran murya. Na ce ɗauka na ƙato ne, riƙo na mai haƙuri. Na ce a hanyar studiyo abin ya faɗo mini, ina tafe a ƙasa. Na ƙara da cewa ana yayyafi.

Ta rubuta. Har yayyafin ta rubuta.

Da za ta tafi ta ce wani abu ya ba ta mamaki, Ginshiƙi yana magana da irin tausasawar da aka fi ji a bakin mata masu jinya. Na ce cikin mata na tashi.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Saura kwana biyu. Takardar fara ce fat.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Na je.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wa shukokinta busassun ganye da lalube. Na yi sallama, ta amsa. Ta tambayi maiɗakina da yara ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna mini kujera. Ba ta ce Auta ba, ba ta kira ni da komai ba.

Na shirya magana tun daga gida, na maimaita ta a kowace danja. Da na buɗe baki sai na ji ina cewa, "Yaya, akwai wani ɗan yanki da suka ƙaro."

Ta ɗago. Ta ce, "Shi ya kawo ka?"

"Da gaisuwa."

"To. Kunna."

Ba ta kalli wayar ba, kunne ta kara. Sau biyu ta ji. Ta ce in ɗauki biro. Ashe tsohon uban Ginshiƙi ne, hankalinsa ya gushe, ya ɗauka ma'aikacin asibiti ne ke zaune kusa da shi. Yana kai masa ƙarar ɗansa, wai yana da lokacin kowa a garin nan ban da shi. Ginshiƙi bai ce ni ne ba. Ya gyara masa matashi kawai.

Ta riƙa faɗa ina rubutawa, murya a shimfiɗe kamar mai karanta sunayen 'yan aji. A layin ƙarshe ta daɗe. Sannan ta ce, "Rubuta: Yana hanya, Baba. Kaya ne suka yi masa yawa."

Awa ɗaya da rabi. Na ninke takardar na sa a aljihu. Na ce na gode. Ta ce, "A gaida gida." Ko ruwa ba ta ce a kawo mini ba, kuma tunda nake ban taɓa shiga gidan nan na fita baki a bushe ba.

Na zauna a mota a ƙofar gidan. Na ce zan koma ciki. Na tada mota.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Mai studiyo ya karanta takardar a tsaye, ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Kai, mutumin nan! Hannun na nan."

Muryar ce ba ta nan. Sau goma sha huɗu muka ɗauka. Ya ce ina karantawa kamar sanarwar ɓatan akuya. A ƙarshe ya ce tsufa ne, za a rufe da kiɗa.

Na kwafe da hannuna kafin in kai. Wannan karon ma ba sai na kwafe ba, da ma ni na rubuta. Amma na sake shi a sabuwar takarda, saboda a ta farko akwai inda na sa "in ji Yaya" a gefe ban sani ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Maiɗakina tana guga, ba ta juyo ba, ta ce, "Baban yara, ranar Laraba haƙuri ka je bayarwa, ko karɓowa ka sake yi?"

Na ce wa ya gaya mata.

Ta ce, "Ni ce ke wanke aljihunka shekara ashirin da uku. Tun wancan karon na sani. Na yi shiru don na ɗauka tsakaninku ne." Ta jingine dutsen guga. "Ga rigarka ta ranar taro. Ni ba za ni ba. Ba zan iya zama ina tafi ba."

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Ban fita ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Sun kafa allo a babban shataletale. Ginshiƙi da gadarsa, a ƙasa sunana da manyan baƙaƙe: fassara da murya. Sau tara na zagaya shi yau da ɗalibai. Nan ne muke koya musu ba da hannu.

Mai kemis ya ce zai zo da iyalinsa duka. Ya ce matarsa ta mayar da maganata abin tsokana, duk wanda ya tambaye ta me ta yi a gidan yau sai ta ce ta taimaka da shayi. Ya ce ta shiga gari, har a waya ana yawo da ita.

Wato yanzu magana biyu ke yawo da muryata. Ɗaya ce kawai tawa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Na kai katin gayyata gidan Yaya. 'Yarta ta karɓa a bakin ƙofa ta ce tana hutawa. Ina jin rediyonta daga ciki.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 7:40 na yamma

Ƙarfe biyu aka fara. Sinimar ta cika har matakala. Iyaye da 'ya'yansu, direbobi da rigunan ƙungiya, wasu samari sun ɗaura kwali a kafaɗa wai gada. Da aka zo wajen, ba a ji muryata ba sam, zauren gaba ɗaya ne ya faɗa. Na ji kujerar na rawa a ƙarƙashina.

A sabon yankin aka yi tsit. Da ya ce kaya ne suka yi masa yawa, wani ƙato a gabana ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hula.

Kujeru biyun da na sa a ajiye wa Yaya da 'yarta a layin gaba, wani ya ɗora jakarsa a kai.

Aka kunna fitilu, aka kira ni. Mai gabatarwa ya miƙo makirufo. Na karɓa. Na ce, "Jama'a, akwai abin da ya kamata ku sani. Ba ni na rubuta kalmomin nan ba. Ko ɗaya. Yayata ce ta rubuta."

Na faɗa. Allah ya sani na faɗa.

Mai gabatarwa ya dafa kafaɗata ya juya ga jama'a ya ɗaga gira. Ya ce, "Da me?"

Zauren ya amsa da baki ɗaya.

Dariya, tafi, fito. Na ce, "A'a, da gaske nake," amma ya riga ya karɓe makirufon, an saki kiɗa, wani babban mutum na miƙo mini allon katako mai ƙarfe a jiki. Na karɓa. Aka ɗauki hoto. Ina jin na yi murmushi.

Mutum ɗaya na gani ba ta dariya. Dakta, a layi na biyu, biro a hannu.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Allon yana but ɗin mota, ƙarƙashin safaya.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Na ɗauki hutun rabin yini. Wuri uku na je.

Gidan talabijin: mai shirin ya ce zancen ya wuce, amma in ina so zai duba mini minti biyu wata mai zuwa. Ya ce kar in ɓata abu mai kyau, mutane na son barkwancin.

Studiyo: Oga ya saurare ni har ƙarshe. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Shekara ashirin ina gaya wa mutane ni na gano ka." Ya ce na sinima ya riga ya fita, amma zai rubuta wa kamfanin a gyara sunan a wanda za a saki a waya, in ita ta yarda. Bai raka ni ƙofa ba.

Jami'a: ofishin Dakta a hawa na uku, littattafai har kan kujerar baƙi. A tsaye na yi bayani. Ta buɗe littafinta ta juya shafuka.

Ta ce, "Yayyafin fa?"

Na ce babu yayyafi.

Ta ja layi a kai. Ta ci gaba da ja, shafi bayan shafi, ina tsaye ina jin ƙarar biron. Ta ce babi guda ta gina a kaina, shafi arba'in. Sannan ta ce, "Ba don kai zan gyara ba. Tana da rai?"

Na ce tana da rai, tafiyar minti ashirin ce daga nan.

Ta rufe ido ta ce, "Minti ashirin."

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Ban zauna a kujera ba, a ƙasa na zauna kusa da ƙafarta. Na faɗi duka, da na talabijin, da na Dakta, da takardar da na sake kwafewa. Ban kawo zancen abin da ta ce shekara ashirin da suka wuce ba. Ita ta kawo.

Ta ce, "Na ce kar ka sa sunana. Ban ce ka sa ni a bakin mutane ba."

Na ce haka ne.

"Sunan bai dame ni ba, Allah ya gani. Ina jin abina a bakin direbobi ina jin daɗi ni kaɗai. Ka san abin da ba ka sani ba? Wata huɗun nan da na yi ina aikin, shi kaɗai ne abin da nake yi a duniya wanda ba wanki ba, ba magani ba, ba kuka a banɗaki ba. Marigayi yana jina daga ɗaki. Ranar da na karanta masa na gadar, ya yi ƙoƙarin maimaitawa da rabin bakinsa, ya kasa, muka yi ta dariya har ya ƙware. Daga ranar ban sake jin dariyarsa ba." Ta gyara zaman mayafinta. "Shi ka mayar shayi."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ba ta rarrashe ni ba. Ta bari na gama.

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Kar ka tambaye ni yau. In na ce na yafe ƙarya na yi, kuma ƙaryar ta isa haka a gidan nan."

Na gaya mata zancen Dakta. Ta ce ita me za ta ce wa 'yar jami'a. 'Yarta daga ƙofar kicin ta ce, "Mama, littafi bakwai." Yaya ta ce a rufe mata baki. Can ta ce, "Ranar Asabar. Da hantsi, kafin idona ya gaji."

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Mai kemis ya fara, na ce masa ya tsaya a gefen titi. Na gaya masa. Ya daɗe yana riƙe da sitiyari. Ya ce, "To ni yanzu me zan ce wa matata?" Na ce ya gaya mata yadda na gaya masa. Mutum ɗaya ke nan. Ban san nawa suka rage ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Na ɗauko Dakta ƙarfe goma. Yaya ta sa tufafin da take zuwa taron iyayen yara da su. Littattafan na kan tebur, an ɗaure su da tsumma. Ta ce mini, "Kai jira a waje."

Na zauna a benci ƙarƙashin taga. Da farko ba na jin komai sai Dakta. Can Yaya ta fara. Ta yi bayanin yadda take ƙirga buɗewar bakin ɗan wasan don kalma ta zauna daidai, yadda ta jefar da barkwancinsu guda goma sha biyu ta sa namu, yadda ta yi kwana uku tana neman sunan da za ta ba shi. Dakta na dariya, ita ma tana yi. Ban san Yaya na da surutu haka ba.

Sai Dakta ta roƙe ta ta karanta wani wuri. Ta ce ba ta gani, amma ta haddace. Ta fara.

Na miƙe tsaye ban sani ba. Inda take jan numfashi, inda take sauke murya, ɗan tsayawar nan kafin kalmar ƙarshe da mutane ke kwaikwayo suna cewa salona ne. Haka take karanta mini kowane shafi kafin in kwafa, ina zaune ina saurare. Na ɗauka aƙalla salon nawa ne. Maƙogwaron kawai na kawo.

Wajen sha biyu da rabi ta ɗaga murya ta ce in shigo. Rikodar Dakta na kan tebur, jar fitilarta a kunne.

Yaya ta ce, "Na asibitin nan. An ce ka ɓata shi a sinima. Faɗi layin ƙarshe in ji."

Na faɗa.

"Ka yi sauri. Uba ne a gabanka, ba fasinja ba. Sake."

Na sake.

"Kar ka yi kuka a ciki. Shi ba ya kuka, tsohon zai gane. Sake."

Dakta ta kai hannu za ta kashe rikodar. Yaya ta ji motsin ta ce, "Bar ta, 'yata. A ɗauka."

Sau shida. A na shida ba ta ce ya yi ba. Ta juya wajen Dakta ta ce, "Ina muka tsaya?"

Ba ta ce in fita ba, sai na ja kujera na zauna.